Jam'iyyar wiwi a Ostireliya, su daina fakewa da marasa lafiya

Wallahi raina ya ɓaci da yadda samarinmu suka ɗauki labarin jam'iyyar nan mai neman a halatta wiwi, Legalise Cannabis WA, suna ta yaɗawa a Facebook da WhatsApp kamar sun tsinci dami a kala, wai ga shi can a jihar Yammacin Ostireliya har likita ne ke jan ragamarta, mu ne kawai aka bari a baya.

To ta yaya ma suka shiga majalisar? A zaɓen 2021 sun samu kujeru biyu a babbar majalisar jihar, likitan nan Brian Walker da Sophia Moermond, alhali ƙuri'unsu wajen kashi 2 ne kacal cikin ɗari. Cinikin ƙuri'u ne tsakanin ƙananan jam'iyyu, ka miƙo min naka a nan in miƙa maka nawa a can, a wannan zaɓen ne ma wani Wilson Tucker ya ci kujera da ƙuri'a 98, har abin ya ishi gwamnatin Mark McGowan ta soke tsarin gaba ɗaya a shekarar. E, Walker ya dawo a 2025, amma kujera ɗaya cikin 37 ita ce za a ce mana muryar jama'a?

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne da sun buɗe baki sai maganar masu ciwon daji da yara masu farfaɗiya. Haba jama'a! Tun 2016 Ostireliya ta halatta wiwi na magani, likita ya rubuta maka ka je ka karɓa. To me ya rage suke nema? A bar kowa ya shuka a bayan gida ya naɗa ya busa, shi ke nan, sai su fito fili su faɗa su bar marasa lafiya su ji da ciwonsu. Masu cewa za a samu haraji kuma, su fara lissafa kuɗin gadon asibitin ƙwaƙwalwa tukuna.

Akwai wani yaro a layinmu, gwanin gyaran waya ne, in ya buɗe wayarka minti goma ya gama. Yanzu yana nan zaune bakin kwata, idanu jajur, leɓe ya yi baƙi, yana magana shi kaɗai, mahaifiyarsa ta sayar da keken ɗinkinta wajen neman masa magani. Da naɗi ɗaya ya fara a bayan makaranta.

Mun ji irin wannan waƙar a 2019 lokacin da marigayi Akeredolu, gwamnan jihar Ondo a wancan lokacin, ya dawo daga Tailan yana cewa a noma wiwi don magani da kuɗin shiga. Duk ɗan majalisar da ya sake kawo ta a tambaye shi wa zai tsare gonar, kuma kuɗin da ake mafarkin samu a fara zuba kwatankwacinsa a gidajen gyaran hali, don yaron layinmu har yau bai samu gado ba.