Ciwo ne ya ɗauke ta, ku daina ce wa uwarta rashin bangaskiya ne

Tun jiya da na baro gidan makokin nan raina bai kwanta ba. Duk wanda yake wurin ya ji abin da dattijon nan ya faɗa, don ko rage murya bai yi ba. Uwa tana zaune a kan tabarma idanunta sun kumbura, ko kwana uku ba a yi da binne 'yarta mai shekara 16 ba, shi kuwa ya gyara zama ya ce wai da yarinyar tana da bangaskiya da ba ta ɗauki ranta ba. Baba, da girmanka da furfurarka, wannan magana ba ta dace ba.

Ciwo ne ya ɗauke yarinyar nan. Ni na koyar da ita a makarantar Lahadi tun tana ƙarama, na san bakinta da addu'a, na san muryarta a cikin mawaƙa. Watannin baya ta daina zuwa koyon waƙa ranar Asabar. Ta rame har zanenta yana zamewa. Uwarta ta ce mini takan farka cikin dare ta same ta zaune a tsakar gida, a tambaye ta, ta ce zafi ne ya hana ta barci. Muka ce zafin Sakkwato ne, muka ce miskilancin 'yan mata ne. Ni ma ina cikin waɗanda suka faɗi haka, kuma abin yana cin raina har yanzu. Alamun ciwon damuwa ne, likitoci sun san shi, yana da magani kamar hawan jini, amma ba wanda ya kai ta.

Na san za a ce mini addu'a ta isa. Ni ma da addu'a nake raye, ba wanda zai koya mini ƙarfinta. Amma ranar da zazzaɓi ya kama jikanka, Baba, addu'a ka yi sannan ka sa aka kai shi asibiti, ba wanda ya ce bangaskiyarka ta yi rauni. Don me sai ciwon da ya kama zuciya da tunani ne za a mayar zunubi? Annabi Iliya kansa, bayan abin da Allah ya yi ta hannunsa a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya zauna a gindin itace ya roƙi Ubangiji ya ɗauki ransa. Ubangiji bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu. Ku buɗe 1 Sarakuna 19 ku karanta.

Masu cewa aljanu ne, ba ni da lokacinku yau.

Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan a Kware, kusa da mu, amma mun mayar da sunan garin abin zagi, iyaye sun gwammace su ɓoye ɗa a ɗaki da a ji an kai shi can. Ga kuma dokar da ta ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, yaron da ke cikin wannan hali ya ji haka, wa zai faɗa wa? A 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙasar nan, mu a coci har yau bakinmu bai canja ba. Ciwo ne. Ke uwa, idan yaro ya ce miki ya gaji da duniya, ki ajiye abin da kike yi ki zauna da shi, ki tambaye shi kai tsaye, kada ki bar shi shi kaɗai, ki kira fasto ku yi addu'a, gari na wayewa ku nufi likita.

Sannan don Allah, ku da kuka ɗora hotonta a WhatsApp kuna ba da labarin yadda abin ya faru dalla-dalla, ku cire. Ƙaninta yana da waya, sa'o'inta duk suna gani. Kuma mata 'yan zumunta, daga mako mai zuwa baƙi za su watse, a tsara wadda za ta riƙa kai abinci gidan. Ni na ɗauki Talata da Juma'a.