Sarin wata da wane kuɗi?

Wannan shawara da wani marubuci ya bayar ta "ku yi sarin kayan abinci na wata guda a rana ɗaya" ta masu albashi ce. Magidanci a Nima ko Sabon Zongo a Accra da ke tuƙa trotro (motar haya) ko yake faci, abin da ya samo jiya shi ne cefanen yau, ina zai ga kuɗin buhu? Ko ya samu, a gidan haya mai ɗaki ɗaya ina firjin da zai riƙe tumatir, ga wuta ana ɗaukewa? Marubucin ya kuma manta tun 2021 aka kwashe 'yan albasa daga kasuwar Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku da ke bayan gari, don haka rangwamen da za ka samu kuɗin mota da na 'yar dako sun cinye shi. Wata Hajiya da ta ce mata su haɗa kuɗi, ita ta faɗi gaskiya: mutum huɗu ku sayi buhun masara ko wake, ku raba da olonka (gwangwanin awo), sauran a jira kasuwar Laraba ta Nima. Kuma yara ƙanana ba shinkafa ke ƙarar da kuɗinsu ba, Milo da madarar leda da biskit ne, sidi biyu nan, uku can. Soya masara da gyaɗa da waken suya a kai inji a yi kunun Tom Brown ya fi riƙe ciki. An ce hauhawar farashin kaya a Ghana ta sauko daga kashi 54 na Disamba 2022, to wa ya ga kiret ɗin ƙwai ya koma tsohon kuɗinsa?