Ba Tsautsayi Ke Tsiyaye Idanun Yaranmu Ba

Sallah ta wuce, dawakai sun koma barga, amma a unguwarmu akwai yaron da ba zai ƙara gani da idonsa na hagu ba. Shekarunsa ba su wuce takwas ba. Da kuɗin barka da sallah shi da abokansa suka sayi bindigogin roba, irin waɗanda ke cika tebura a Katsina duk lokacin Sallah. Da ƙwayoyin harbin suka ƙare sai suka koma yin kwari da baka da danƙo da tsinken tsintsiya. Tsinke ɗaya ya shige baƙin idonsa. Na je dubiya, kuma duk wanda ya yi sallama ya shigo magana ɗaya ce a bakinsa: "Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa."

Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi. Sai dai tsautsayi abu ne da ba a hango shi tafe ba, wannan kuwa duk shekara muna kallonsa yana zuwa. Mun san watan da kayan ke shigowa kasuwa, mun san hannun da suke faɗawa. Ita kanta ƙwayar robar, ko ba ta huda ido ba, tana iya tara jini a cikinsa. Babbar ɓarnarta ita ce koya wa yaro saita fuskar ɗan'uwansa, daga nan kuma tsinke, waya, ƙusa ko tsinin fensir duk makami ne. Uban da ya ba da kuɗin da mai teburin da ya miƙa kayan, dukansu sun sami mafaka a kalmar tsautsayi, shi ya sa ba mai son a taɓa ta.

Ƙiyasin da aka fitar a 1998 ƙarƙashin shirin yaƙi da makanta na Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna ana samun raunin ido kusan miliyan 55 kowace shekara, kuma kimanin 200,000 daga ciki ido ne ya huje ko ya fashe. A wannan ƙiyasin kuma, mutum kusan miliyan 19 sun rasa gani ko ganinsu ya raunana a ido ɗaya saboda rauni. Likitocin ido sun daɗe suna cewa tara cikin goma na irin waɗannan raunuka ana iya kauce musu. Maza da yara ne suka fi yawa cikin waɗanda abin ke samu, kuma ba sai an yi bincike ba kafin a gane dalili: su ne a gareji, su ne a maƙera, su ne a gona.

Duk wanda ke shakka ya bi layin masu walda da kanikawa a Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Ƙwaya, ya ƙirga masu kariya a fuska. Idan guduma ta daki ƙarfe, ɓarɓashin da bai kai ƙwayar gero ba yana tashi da ƙarfin da zai ratsa ido ya zauna a ciki. Ƙofar da ya shiga takan rufe kanta. Zafin ba shi da yawa, mutum ya murza ido ya ci gaba da aiki. A ciki kuwa ko dai ƙwayoyin cuta su ci idon cikin 'yan kwanaki, ko ƙarfen ya riƙa yin tsatsa a hankali har gani ya dushe bayan watanni, mai shi yana neman wanda ya yi masa jifa. Haka injin yankan ƙarfe yake feshi duk yini, yaron shago ɗan shekara goma sha biyu na tsugune yana riƙe wa maigidansa ƙarfen, fuskarsa daidai inda tartsatsin ke zuba.

Na taɓa yi wa wani mai walda magana, sai ya nuna mini baƙin tabarau na kwalliya ya ce, "Malam, ai ga shi ina sawa." Wannan gilashin in abu ya buge shi tarwatsewa yake yi, ya ƙara wa ido wasu tsinaye. Tabaran kariya na gaskiya da roba mai tauri ake yin sa, yana rufe har gefen ido, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Masu cewa talauci ne ya hana, su duba wayar da ke aljihun maigidan shagon.

A gona ma haka ne, musamman da kaka: tsinin karan gero, ƙayar da ta dawo da ƙarfi lokacin sara. Raunin itace yana da nasa sharrin, domin yakan shigar da cutar da ke da wuyar magani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rauni na biyu, wanda muke yi da hannunmu a gida. Yaron unguwarmu kwana uku ya yi kafin a kai shi asibiti. An zare tsinken, an ɗiga nonon mai shayarwa, an sa kwalli, an sayo maganin ɗigawa a kemis. Duk da ƙauna aka yi, kuma kowane ɗaya ya ƙara lalata idon. Ido in ya huje tamkar ƙwai ne da ya tsage: dannawa kaɗan abin da ke ciki sai ya fito. Ba a zare abin da ya soke shi, ba a murzawa, ba a wankewa, ba a ɗiga komai. A yanko gindin kofin roba a kifa a kansa yadda ba zai taɓa idon ba, a manne da filasta, a dakata da ba shi abinci saboda tiyata, a nufi inda likitan ido yake. Likitoci suna son a ɗinke irin wannan rauni cikin awa 24, kuma za su duba batun allurar tetanus. Muna da Asibitin Ido a Katsina, muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya, in abin ya fi ƙarfi ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Mutane da yawa ba su san cewa, ko da yake ba kasafai ba, idon da ya huje yana iya jawo kumburin da zai kama ɗayan mai lafiya.

Za a ce ai mu ma mun yi wasan danƙo muna yara ba abin da ya same mu. Masu ido biyu ne ke faɗin haka. Za a ce hana sayar da bindigar roba zai taɓa abincin ƙananan 'yan kasuwa, kamar dai babu balan-balan da motar wasa a duniya.

Masu hali da 'yan siyasa suna ɗaukar nauyin aikin yanar ido kyauta, kuma Allah Ya saka musu. Amma ban ga dalilin da zai sa wanda ya iya biya wa ɗaruruwan tsofaffi tiyata ya kasa raba tabaran kariya ga yaran shago ba, in ba don ba a ɗaukar hoton idon da bai tsiyaye ba. Ƙungiyoyin masu walda da kanikawa su sa doka: yaro ba ya taɓa guduma sai da kariya. Masu unguwanni su yi magana da masu tebura, limamai su tuna wa iyaye tun kafin jajibiri.

Jiya na bi ta bakin titinmu. Teburin na nan, an ma rage wa sauran bindigogin kuɗi, kuma yara uku na tsaye suna ƙirga canji.