Hancin kare ba ya kamo motar da ke gudu

Kwanakin baya, a cikin motar haya daga Katsina zuwa Jibiya, wani dattijo da ke kusa da ni ya ce da hukuma za ta girke karnuka masu sansano ƙwaya a bakin titi, da tuni an gama da masu safara, domin a cewarsa kare yana jin warin wiwi ko da mota na sheƙa gudu. Fasinjoji suka yi ta gyaɗa kai. Na san abin da ke ci masa rai, domin da wuya a sami unguwar da ƙwaya ba ta lalata wani matashi ba, kuma binciken da aka yi da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya. Sai dai abin da Baba yake fata ya fi ƙarfin kare.

Ba mai musun baiwar da Allah Ya yi wa wannan dabba, wadda jijiyoyin kama wari a hancinta sun haura miliyan 200, alhali na ɗan Adam ba su wuce miliyan 6 ba. Amma sai warin ya iso hanci kafin a kama shi, kuma motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin fiye da mita 22 a daƙiƙa ɗaya, iska tana tarwatsa ɗan abin da ya fito. Wanda ya taɓa ganin kare a bakin aiki ya san yadda yake yi: sai mota ta tsaya, ya zagaya ta a hankali, yana cusa hanci a tsagar ƙofa, da bakin but, da ƙarƙashin taya.

Ko a motar da ke tsaye ma aikin bai cika ba. A wani gwaji da aka wallafa a 2014 kan karnukan 'yan sandan Poland 164, sun dace sau 83 cikin 100 a cikin ɗaki, amma da aka koma mota sai abin ya sauko kusan 64 daga waje, 58 daga ciki. A ƙara da zafin Afrilu na Katsina, lokacin da kare ke haki harshe a waje, kuma mai haki ba ya shinshina yadda ya kamata. Sannan kare ba ya nuna sai abin da aka horar da shi a kai, don haka wanda ya saba da wiwi da hodar ibilis yana iya wuce katan ɗin Tramadol ko kwalaben kodin, waɗanda su ne ke cinye yaranmu.

Abin da ya fi damuna shi ne mai riƙe da igiyar. A 2011 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun gwada karnuka 18 da masu kula da su a ginin da ba ƙwaya ko ɗaya, amma aka samu nunin ƙarya har 225, kuma ya fi yawa a wuraren da aka sa masu karnukan suka zaci akwai kaya. Kare yana karanta ubangidansa. A hanyoyinmu da direba ya riga ya gaji da shingaye, zaman kare a gefen mota zai iya zama sabon dalilin sauke kaya da neman na goro, alhali wataƙila ragowar warin jakar fasinjan jiya ne ya ji a kujera.

A ganina hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA da kwastam su ajiye karnukan inda mota dole ta tsaya, wato iyakar Jibiya, da Kwangwalam ta wajen Daura, da manyan tashoshin mota, bayan bayanan sirri sun nuna motar da ake zargi. A tanadar musu inuwa da ruwa, a kiyaye abinci da dardumar sallar fasinja, domin jama'armu na ƙyamar yawun kare, sannan a riƙa rubuta sau nawa kowane kare ya nuna da sau nawa aka samu kayan, a kuma bar kotu ta ga wannan rajista kafin a hukunta direba.