Aikin Da Ka Kasa Ajiyewa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Akwai wata jaraba da ba kasafai ake yi wa mai ita nasiha ba, domin yabonsa ma ake yi a kanta. Mashayi ana yi masa faɗa, ɗan caca ana gudunsa, amma wanda aiki ya zame masa jaraba sai ka ji ana cewa wane akwai ƙwazo, ko hutu ba ya yi. Shi kuwa yana jin daɗin yabon, lafiyarsa da gidansa suna zubewa a hankali.

Ba da wanda buƙata ta tilasta wa haɗa aiki biyu nake ba, wannan Allah Ya buɗa masa. Neman halal daraja ne. Manzon Allah (SAW) ya ce babu wanda ya taɓa cin abinci mafi alheri fiye da wanda ya ci da aikin hannunsa, kuma Annabi Dawud (AS) da aikin hannunsa yake ci. Da kai nake, wanda in aka ce ka huta hankalinka ke tashi. Ka sallame sallah, kafin ka yi istigfari hannunka ya kai kan waya. A sujada kana lissafin abin da ya rage ba ka gama ba. Ɗanka ya tsaya a gefenka da littafinsa yana so ya nuna maka abin da ya rubuta, ka ce "ina zuwa" idonka a kan kwamfuta, ya jira, ya gaji, ya rufe littafin ya tafi ba ka ma sani ba. Ranar hutu ta zo, kana zaune cikin iyalinka kana jin kamar laifi kake aikatawa, kowa ya yi magana ka hau shi da faɗa. Ɗan'uwa, mai ƙwazo yana iya tsayawa in ya so. Kai ka gwada ka kasa.

Bukhari ya ruwaito cewa Salmanul Farisi ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i (RA), sai ya tarar da matar gidan, Ummud Darda'i, cikin tufafi marasa ado. Ya tambaye ta lafiya, ta ce ɗan'uwanka ba shi da wata buƙata a duniya. Aka kawo abinci, Abud Darda'i ya ce ci, ni azumi nake. Salman ya ce ba zan ci ba sai ka ci. Ya ci. Dare ya yi ya miƙe zai yi nafila, Salman ya ce kwanta. Ya sake miƙewa, ya sake cewa kwanta. Sai can ƙarshen dare ya ce yanzu tashi, suka yi sallah tare. Sannan ya ce masa: Ubangijinka yana da hakki a kanka, ranka yana da hakki a kanka, iyalinka suna da hakki a kanka, ka ba kowane mai hakki hakkinsa. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) sai ya ce Salman ya yi gaskiya.

Ku duba abin da ya shagaltar da wannan sahabi: azumi da tsayuwar dare. Duk da haka aka ce ya rage, saboda matarsa da jikinsa. To ina ga wanda saƙonnin ofis da lissafin riba suka cinye masa dare? Wallahi wannan hadisin yana ba ni tsoro, domin hakki bashi ne, kuma mai shi zai nema.

Jiki magayi. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa mutum 745,000 ne suka rasu a 2016 sakamakon shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da daɗewa ana aiki. Wanda ke aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a gare shi ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17, idan aka kwatanta da mai aikin awa 35 zuwa 40. Allah da Ya halicce mu Ya riga Ya faɗa a Suratun Naba'i cewa Ya sanya barci hutu, dare sutura, yini kuma lokacin neman abin rayuwa.

A ganina tushen abin tsoro ne. Wani yana tsoron talauci ko da ya tara abin da zai ishe shi. Wani ya saba ba ya ganin ƙimarsa sai an yaba masa aiki. Wani kuma gudu yake, akwai baƙin ciki ko rikicin gida da ba ya son fuskanta, sai ya ɓuya a ofis. Na farkon ya ji hadisin Ibnu Majah: ku ji tsoron Allah, ku kyautata nema, domin rai ba zai mutu ba sai ya cika arzikinsa. An ce mu nema, amma cikin natsuwa.

Ka yanke lokacin tashi daga aiki, ka faɗa wa iyalinka don su riƙe ka da shi. In an kira sallah ka ajiye wayar a inda hannunka ba zai kai ba, haka lokacin cin abinci da lokacin kwanciya. Kwanakin farko za ka ji ƙunci da rashin sukuni, kada ka koma, haka sabo yake in ana yaye shi. Ka je a auna hawan jininka. In barci ya ƙaurace maka, ko gabanka na faɗuwa duk lokacin da ka zauna ba aiki, ka ga likita, hakan bai saɓa wa tawakkali ba.

Ku kuma da kuke zaune da irin wannan bawan Allah, ku rage yi masa kirari da rashin hutu. Ku same shi shi kaɗai, da taushin murya, ku tambaye shi me yake tsoron zai faru in ya tsaya, sannan ku yi haƙuri ku saurari amsarsa.