Kafin a mayar da hidima fayil, a san wa ke riƙe da ita

Tun da Rob Pike da Ken Thompson da abokan aikinsu suka gina Plan 9, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta, a cibiyar bincike ta Bell Labs, masu rubuta manhaja suke son dabarar nan ta mayar da kowace hidima fayil, yadda duk shirin da ya iya buɗewa da karantawa da rubutawa zai amfana da ita. FUSE, tsarin da ke barin shiri na yau da kullum ya gabatar da fayiloli, wanda ya shiga Linux a 2005, ya sa kowa na iya yin haka ba tare da taɓa kanel, wato zuciyar babbar manhajar, ba. Sai dai jera sunayen fayiloli a folda shi ne ƙaramin aiki. Babban aikin shi ne yanke hukunci kan wanda ya mallaki abin da aka buɗe, da lokacin da za a sake shi.

A Plan 9, mai son haɗin TCP, wato haɗi da wata kwamfuta ta hanyar sadarwa, yakan buɗe /net/tcp/clone. Buɗewar kanta takan ware masa sabuwar folda, in ya karanta sai ya sami lambarta, a ce 4. Daga nan ya rubuta "connect 192.0.2.1!80" a fayil ɗin da ke hannunsa, wanda ya riga ya zama ctl, wato fayil ɗin ba da umarni, na foldar, sannan ya buɗe /net/tcp/4/data don aikawa da karɓa. Shirye-shirye biyu ba za su taɓa yin rububin lamba ɗaya ba. In shirin ya mutu bagatatan, fayilolinsa sukan rufe, haɗin kuma ya tafi da su.

A gwada wannan da tsohuwar hanyar Linux ta sarrafa ƙafafun GPIO, wato ƙananan ƙafafun lantarki da shiri ke kunnawa da kashewa, a /sys/class/gpio. Ana rubuta lambar ƙafa a fayil ɗin export, sai folda ta bayyana. Amma foldar ba ta kowa ba ce. Shirin da ya kunna injin ban ruwa zai iya faɗuwa ya bar ƙafar a kunne, wani shirin kuma zai iya canza ta a ƙarƙashinsa. Ba kuma yadda za a sauya ƙafafu biyu a lokaci guda, tunda kowace da fayil ɗinta. Wannan na cikin dalilan da suka sa daga Linux 4.8 aka kawo /dev/gpiochip, inda riƙon ƙafa ke ɗaure da buɗaɗɗen fayil. A ganina laifin na tsarin mallaka ne, dabarar fayil ba ta gaza ba.

Abu na gaba, umarni ɗaya ya tafi a rubutu ɗaya, kuma kuskurensa ya dawo nan take a matsayin amsar rubutun. A 9P, ƙa'idar da Plan 9 ke magana da hidimomin fayil da ita, rubutun da ya wuce iounit, wato iyakar abin da ke tafiya a saƙo ɗaya, ana gutsuttsura shi, don haka umarni ya zama gajeren layi. Masu FUSE kuma su kunna direct_io, zaɓin da ke kai kowane karatu kai tsaye ga hidimar, a kan fayilolin da ake ƙirƙirar abin cikinsu lokacin karatu. In ba haka ba, kanel yakan yarda da girman da aka faɗa masa, ya ga sifili, ya mayar wa mai karatu fayil wayam.

Rubutu zalla ma yana da tarkonsa. Fili na biyu a /proc/PID/stat, fayil ɗin Linux mai bayanin shirin da ke gudana, sunan shiri ne cikin baka, kuma sunan zai iya ɗauke da tazara ko wata bakar. Duk wanda ya raba layin da tazara zai karanta filayen da ke biye a karkace, shi ya sa masana ke neman bakar ƙarshe tukuna. Filin da mai amfani ke iya cika shi da abin da ya ga dama, a ajiye shi ƙarshen layi, ko a ba shi fayil nasa kamar yadda ƙa'idar sysfs, wato fayilolin /sys na Linux, ta ce ƙima ɗaya a fayil ɗaya.

Fayil ɗin da ke jiran aukuwar wani abu kafin ya amsa dole ya karɓi sokewa. 9P na da saƙon Tflush don haka. Hidimar da ta yi biris da shi takan bar mai karatu a maƙale, ko danna maɓallin katsewa ba zai fitar da shi ba.