Farilla tukuna, sannan nafila

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Mafi yawan abin da ke cinye mana yini ba haramun ba ne. Ciniki halal ne, neman abin kai wa bakin salati dole ne, gaishe-gaishe a waya ma zumunci ne. Inda gizo ke saƙar shi ne jeri: abin da ya kamata ya zo farko mun mayar da shi na "in an samu sarari".

Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) ya tambayi Manzon Allah (SAW) wane aiki ne Allah ya fi so. Ya ce sallah a kan lokacinta. Sai me? Ya ce biyayya ga iyaye. Sai me? Ya ce jihadi saboda Allah. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ku lura, duka ukun alheri ne, amma an jera su, ba a zuba su wuri guda ba.

Shiga babbar kasuwar Sakkwato da la'asar ka gani. Ladan ya kira, mai saye na taya atamfa, mai shago ya ce bari in sallami wannan. Kafin ya ninke ta wani ya iso, ga waya na ruri, ga kuɗin da aka turo bai shigo ba. Da zai ɗauki buta rana ta yi fatsi-fatsi, ya yi raka'a 4 kamar ana korar sa. Bai ƙi Allah ba, sallar ce kawai ba ta da bakin da za ta yi masa ƙorafi yadda mai saye ke yi.

Wannan jarrabawa ta samu waɗanda suka fi mu. Ayarin fatake ya shigo Madina ranar Juma'a Annabi (SAW) na huɗuba, mutane suka fita, saura mutum 12. Allah ya saukar da aya ta 11 a Suratul Jumu'a, ya ce abin da ke wurinsa ya fi wasa da fatauci alheri. Su abinci ne ya ja su. Mu fa, bidiyon TikTok?

Akwai kuma wata shagala mai sanye da rigar addini, ita ta fi ba ni tsoro. Matashi ya raba dare a Facebook yana kare malaminsa, asuba ta wuce shi, in ka ce ya lissafo farillan alwala 7 ya tsaya a ta huɗu. Alhali Ahalari, littafin fiƙihun da muka karanta a zaure, da wannan ya buɗe: farkon abin da ya wajaba kan baligi shi ne gyara imaninsa, sannan sanin hukuncin sallarsa da tsarkinsa da azuminsa. A cikinsa ne kuma aka ce mai ramuwar sallah a kansa ba ya shagala da nafila, har walaha da ƙiyamun Ramadan, sai ya biya. Haka mai shirin umara ta uku alhali ɗan uwansa na bin sa kuɗin buhun gero tun bara. Alhaji, biya bashin tukuna.

Sai iyaye. Inna na can Wamakko ko Bodinga, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, amma wata ya shuɗe ba ka leƙa ba, kuma ba ɗaurin auren abokin da ya wuce ka. Wanda ya zo neman izinin fita jihadi ma Annabi (SAW) ya tambaye shi ko iyayensa na raye, ya mayar da shi gare su.

Ga abin da nake ba kaina da ku shawara. Da an kira sallah, a kife waya, a ce wa mai saye ya jira minti 10, wanda rabonka ne zai jira. Mai ramuwa ya zauna ya ƙiyasta abin da ke kansa, ya riƙa biya kullum gwargwadon ikonsa. Wanda iyayensa ke raye ya ware musu rana a mako, wanda nasa suka rasu ya nemi ƙannensu da aminansu ya gaishe su.